Jaririn da bai iya magana ba, me zai ji a littafi?

Tambaya: "Malama, ɗana na fari yana da wata 7. Na sayo masa wani ɗan littafi mai hotuna, ina karanta masa da yamma. Rannan uwar mijina ta iske ni, ta yi dariya ta ce, 'Wanga da bai san hannunai na dama ba, mi za shi ji?' Maigida ma ya ce in bari sai ya isa shiga makaranta. Shi kuma yaron, da na buɗe littafin sai ya fizge ya kai baki. Akwai amfani kuwa, ko wahalar banza nake yi? Daga Mabera nake."

Ƙanwata, Allah ya raya mana shi bisa sunna. Kada ki daina. Amma bari in fara ba Inna gaskiyarta, don tana da ita: ɗan wata 7 ba ya gane labari. Ko labarin kura da akuya kika karanta masa, ko takardar kuɗin wuta, ta wajen ma'ana duk ɗaya ne a wurinsa. Da a ce ana yi ne don ya fahimci labarin ko ya fara gane baƙaƙe, da na ce ki ajiye littafin sai bayan shekara uku. Abin da ake nema shi ne ya zauna a cinyarki, ku biyu kuna kallon abu ɗaya, kina magana yana saurare, ya yi gwaranci ki amsa masa. Littafin dalilin zaman ne kawai. Na yi shekaru ina riƙe da 'yan aji ɗaya kafin in koma horar da malaman ƙananan azuzuwa, kuma duk abin da zan faɗa miki a kan wannan zaman ya ginu.

Mu fara da kunne, tunda Inna cewa ta yi mi za shi ji. Jariri yana ji tun yana ciki, a watannin ƙarshe. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Spence, suka sa mata masu ciki su riƙa karanta wani gajeren labari a bayyane kullum, a makonni 6 na ƙarshe kafin haihuwa. 'Yan kwanaki bayan haihuwa aka gwada jariran da robar tsotso da aka haɗa da na'ura, yadda irin tsotson da jariri ya yi shi ke zaɓar abin da za a kunna masa. Sai jariran suka riƙa zaɓar labarin da suka saba ji a ciki, suna barin sabon. Kiɗan maganar suka riƙe, hawa da saukar murya. Mu kuwa da harshenmu ya dogara da wannan hawa da saukar, ai abin namu ne. Wa ya taɓa zaunar da ke ya koya miki bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gari da ake zama a ciki da gari na tuwo? Wa ya koya miki raba kara da ƙara, ko bari da ɓari? Kunnenki ne ya yi wannan aikin tun kina goye.

Kuma aikin yana da lokacinsa. Binciken da Janet Werker ta yi a Kanada a 1984 ya nuna cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya rarrabe sautukan harshen da bai taɓa ji ba, kamar na Hindi, waɗanda iyayensa ma ba sa jin bambancinsu. Kafin ya cika shekara sai kunnen ya tsuke, ya ƙware a sautukan harshen gidansu, ya saki sauran. Shi ya sa za ki ga baƙon da ya zo Sakkwato da girmansa, ya yi shekara 20 yana ciniki a Tsohuwar Kasuwa, Hausa ta zauna a bakinsa, amma har gobe k da ƙ ɗaya suke a wurinsa. Ɗanki yanzu haka yana tsakiyar wannan lokacin. Duk maganar da kika yi masa fuska da fuska, kunnensa na tacewa yana ajiyewa.

Na ce fuska da fuska da gangan. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta ɗauki jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci kawai ake yi. Wasu aka zaunar da su sau 12 da masu jin Sinanci, suna karanta musu littattafai suna wasa da su. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai, suna yin abin nan dai, amma a bidiyo. Na farkon suka iya rarrabe sautukan Sinanci kamar jariran da aka haifa cikin harshen. Na bidiyon ba su tsinci komai ba, kamar ba a yi ba. Ina kawo wannan ne saboda abin da nake gani a gidajen suna da na biki: uwa ta jingina waya a gaban ɗan wata 8, katun na ta tsalle, ta ce ai yana koyon Turanci. Ba ya koyon komai, shiru kawai aka saya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan ta ce lokacin da yaro ke zaune, gara a cika shi da karatu da ba da labari tare da mai renonsa. Ban ce ki ji kin yi zunubi ranar da aiki ya sha kanki kika miƙa masa waya don ki sauke tukunya ba. Kada dai a kira shi karatu.

To sai ki ce, in dai magana ce ake so, me ya kawo littafi? Ba sai in yi masa hira kawai ba? Hira tana yi, kuma ita ce uwa. Amma ki saurari kanki yini guda ki ji abin da kike ce wa yaro: zo, sha, bari, kar ka taɓa, yi shiru, kwanta. Kalmomi ne 'yan kaɗan muke ta juyawa, rabinsu umarni da hani. Yaushe rabon da ki ce dorina a cikin gidanki? Ko kwalekwale, ko kada, ko bakan gizo? Littafi yana shigo da su har tsakar ɗaki. Masana a Jami'ar Indiana sun auna wannan a 2015, suka kwatanta kalmomin littattafan yara masu hotuna da maganar da iyaye ke yi wa yara, suka iske littattafan sun fi yawan kalmomi mabambanta. Abu na biyu, hoto ba ya gudu. Akuyar gida kafin ki ce "ga akuya" ta zagaya bayan ɗaki, ta littafi kuwa tana nan tsaye, yau da gobe da jibi, yatsanki a kanta, idonsa a kanta, sunanta a bakinki. Haka yaro ke ɗaura suna a kan abu. Na uku, littafi yana sa uwa ta zauna. Wannan kada ki raina shi. Mace mai wanki da girki da ɗiban ruwa tana iya yini da yaro a bayanta ba su haɗa ido na minti biyar ba.

Akwai wani adadi da ya yi suna, wataƙila kin taɓa ji: wai kafin shekara 4 'ya'yan masu hali a Amurka sun ji kalmomi miliyan 30 fiye da 'ya'yan talakawa. Daga binciken Hart da Risley na 1995 ya fito. Ni ba na dogara da shi sosai. Gidaje 42 kacal aka bi, kuma masana da suka zo daga baya sun ce ba a ƙirga maganar da yaro ke ji daga kakanni da maƙwabta da sauran mutanen gida ba, wadda a irin gidajenmu ita ce mafi yawa. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na 2018, da aka yi a Boston da yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6. Aka naɗi maganar gidajensu, aka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraren labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin harshen yaro da motsin sashen magana na ƙwaƙwalwarsa shi ne yawan karɓa-karɓa, wato babba ya faɗa yaro ya mayar, yaro ya faɗa babba ya mayar. Yawan kalmomin da aka zuba masa bai kai wannan tasiri ba. Rediyo ma ai yana zuba kalmomi.

Saboda haka ga yadda zaman zai kasance da ɗan wata 7. Ki ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinki ko ki ɗan karkato shi yadda zai ga fuskarki. Ki buɗe duk shafin da ya buɗu. Ba dole ki bi rubutun ba, ba dole ki fara daga farko ba. Ki sa yatsa ki ce, "Kai, ga zakara! Ka gan shi? Kukuruku!" Sai ki yi shiru. Shirun nan shi ne abin da iyaye suka fi mantawa. Ki ƙirga uku a zuciyarki. Zai buga shafin da tafin hannu, ko ya ce "ba-ba-ba", ko ya ɗago ya dube ki. Wannan ita ce amsarsa, sai ki karɓa: "Ƙwarai, zakara ne, ja ne, irin na gidan Inna." In ya fizge ya kai baki, ki bar shi ya ɗan tauna, da baki yake binciken duniya a wannan watan, ba raini ba ne. In ya juya kai ko ya fara ƙunƙuni, an tashi. Minti biyu ma zama ne. Gara minti biyu kullum cikin raha da rabin awa ana kokawa.

Kada ki ɗauka wannan sai gidan 'yan boko masu kabad cike da littattafai. A Khayelitsha, wata unguwar marasa ƙarfi a gefen birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, an koya wa iyaye masu yara 'yan wata 14 zuwa 16 irin wannan zaman na makonni 8: bi abin da yaro ke kallo, nuna, ambaci suna, yi tambaya. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna yaransu sun fi waɗanda ba a koya wa iyayensu ba yawan kalmomi, sun kuma fi su iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya. A Jamaika kuma, tun 1986 aka fara bin wasu yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gidajen wasu daga cikinsu mako-mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye yadda za su yi wasa da hira da yaran da kayan wasa na haɗin gida da littattafan hotuna. Bayan shekara 20 aka koma aka iske waɗannan yaran suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran yaran da ba a yi wa wannan ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce a 2014 likitoci su riƙa shawartar iyaye su fara karanta wa yaro tun daga haihuwa. A can ma tun 1989 wani asibiti a Boston ya fara ba iyaye littafi a duk zuwan awon yaro, kamar yadda ake ba da katin rigakafi.

Bari in dawo gida in gaya miki abin da na gani da idona. Makon farko na aji ɗaya, nakan raba wa yara littafi in koma gefe in zuba ido, ba na cewa komai. Wani zai riƙe shi a kife. Wani zai naɗe shi ya yi bututu ya leƙa abokinsa. Wanda ya fara zuwa makarantar allo zai buɗe daga dama, kuma wannan ina murna da shi, don ya riga ya san rubutu yana da inda yake farawa da inda yake nufa, sai dai in ce masa na boko daga hagu yake tasowa. Wata shekara akwai wata 'yar ƙaramar yarinya a layin baya, ta buɗe shafi, ta ɗora yatsa a hoton wata mata da tulu, ta juya ga ta kusa da ita ta fara: "Wagga ta tahi rijiya, sai tag ga maciji." Babu maciji a shafin, kuma ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma ta san littafi magana yake yi, ta san labari yana da farko da abin da ya biyo baya. Da na bincika, uwarta tuyar ƙosai take yi, ba ta taɓa shiga aji ba. Littafin makarantar yayan yarinyar take ɗauka da dare, su bi hotunan tare tana ƙirƙira mata labari. Kafin ƙarshen zango na biyu yarinyar nan tana haɗa gaɓoɓi, wasu kuwa sai da muka kai ƙarshen shekara.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya koyar da karatu. Karatu ƙafa biyu gare shi. Ɗaya ita ce gane baƙi da wasali da haɗa su, abin da malaman allo ke kira babbaƙu da farfaru. Wannan malami nagari yana koyar da shi cikin watanni. Ɗaya ƙafar ita ce sanin harshen kansa: kalmomi, yadda jimla ke tafiya, yadda labari ke ƙulluwa. Wannan shekaru yake ci, kuma a gida ake tara shi. Yaron da ya haɗa "ra-ƙu-mi" alhali ya san raƙumi, ya gan shi a Kara, an yi masa labarinsa, da ya kai gaɓar ƙarshe sai fuskarsa ta washe. Wanda bai san kalmar ba ya yi sauti uku ne kawai. Shi ya sa maganar maigida ta a bari sai makaranta take da haɗari a wurinmu musamman. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a Sakkwato da Bauchi a 2013 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma irin wannan sakamakon ne ya jawo shirin Mu Karanta a makarantun gwamnati na jihohin biyu. Bankin Duniya ma a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Malamar da ke da yara 80 a gabanta ba za ta iya ba ɗanki karɓa-karɓar da ke za ki ba shi a cinyarki ba, ko da ta fi kowa ƙwazo.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, amma na hango shi a cikin tambayarki. Kin ce ɗanki na fari ne. Ina zargin dariyar Inna ba ta littafin kaɗai ba ce, har da ganin sabuwar uwa ta rungume ɗan fari tana yi masa surutu a gaban surukai. Mun san al'adarmu: ɗan fari ana kunyarsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi. Ni kaina haka na yi da nawa. Sai da ya yi wayo ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in zan yi maganarsa sai in ce "yaron nan". Kuma bai rasa komai ba, saboda a babban gida muke: kakarsa na yi masa tawai, gwaggonninsa na yi masa waƙa, yaran gida goma na yawo da shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Kunyar uwa ba ta bar shi cikin shiru ba, don akwai masu cike gurbin. Yau fa? Amarya tana Mabera ko Arkilla a ciki da falo, an ja get an rufe, maigida ya fita tun safe sai dare. Kunyar ta biyo mu sabon gida, taron da ke rufa mata baya bai biyo mu ba. In uwa ta yi shiru a irin wannan gidan, yaron ya yini bai ji kowa ba sai fanka. A ƙauyukan Wolof na Senegal an samu makamancin haka, inda wasu ke ganin yawan magana da jariri da kallon idonsa na jawo masa iskoki. Ƙungiyar Tostan ta zauna da iyaye da kakanni da limamai a kan batun, kuma binciken da aka fitar a 2017 ya nuna bayan shekara guda maganar da iyaye ke yi wa yara ta ƙaru sosai, bakin yaran ma ya fi buɗewa. Ban ce ki yar da kunya ba, ado ce. Amma littafi yana ba mai kunya mafita: idonki na kan shafi, da zakara kike magana, yaron kuma yana kwasar rabonsa.

Ita kuwa Inna, kada ki yi gardama da ita, kada ki kawo mata sunan wani Bature. Ta fi ki sanin rabin wannan aikin. Tawai da take yi wa jikanta, tana ɗaga shi tana yi masa kirari tana jira ya ƙyalƙyale kafin ta sake, karɓa-karɓa ce tsantsa. Gatanar da ta iya, daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurunƙus kan kusu", da Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ita ce makarantar farko ta sanin yadda labari ke tafiya. Kacici-kacici kuma, in ya kai shekara 4, babu abin da ya kai shi wasa ƙwaƙwalwa. Abin baƙin ciki shi ne gatana tana mutuwa a gidajenmu, finafinan waya sun cinye daren da ake yin ta. A garin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa naɗa jajis, dattawan mata, tana ba su malfa tana tura su ƙauyuka da waƙoƙin ilimi don su karantar da mata a cikin gidajensu, tsohuwa da takarda a hannu tana koyar da na ƙasa da ita ba baƙon abu ba ne. Ta rasu tun 1864, amma 'Yan Taru, wato wannan tsarin karantar da mata da ta kafa, ba su ɓace ba.

Maigida kuma ki bi shi ta inda zai ji. Wasu mazan gani suke zama da jariri aikin mata ne. Sai a tuna musu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ba ta yabo ba ce. Minti biyar bayan isha, kafin ya ɗauki waya, ki miƙa masa yaron da littafin ki ce za ki duba tukunya. Maza sukan yi wa yaro tambayoyi da kwaikwayon muryoyin da mu ba ma yi, kuma yaro yana ƙaruwa da jin salo biyu. In yana tilawa da asuba ma ya ajiye shi kusa, kunnen yana sabawa da sautin Alƙur'ani kamar yadda yake sabawa da Hausa, sai dai a nisanta Mus'hafi daga hannun mai kai komai baki.

Da wane harshe? Da Hausa, da irin Hausar da kike yi, Sakkwatancinki da komai. In littafin da kika sayo na Turanci ne, ki rufe ido ga rubutun ki ba da labarin hoton da Hausa. Na san makarantun kuɗi sun sa wa iyaye tsoron cewa Hausa tana hana yaro Turanci. Ba haka ba ne. Yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa, ya san kalmomi da yawa, ya iya ba da labari, shi ne ke saurin ɗaukar harshe na biyu, don yana da abin da zai ɗaura sabon a kai. Wanda aka yi wa Turancin "kam hiya" da "sit dawun" kawai, aka hana shi zurfin Hausa, yakan tashi biyu babu. Haka nan ba na goyon bayan abin da wasu makarantun reno ke yi, a zaunar da ɗan shekara 2 a benci da fensir ana sa shi rera baƙaƙen Turanci har ya yi kuka. Hannunsa bai nuna ba, kuma abin da yake koya a nan shi ne littafi abin tsoro ne.

Littattafan jarirai na Hausa masu kauri suna da wuyar samu a kasuwa, wannan gaskiya ne, kuma na waje sun yi tsada. Ki yi naki. Ki sami kwalin taliya mai tsabta, ki yanka shi gida shida daidai tafin hannunki. Ki je shagon da ake wanke hoto a fitar miki da hotuna daga wayarki: babansa, Inna, ke kanki, buta, akuyar maƙwabta, kabu-kabu, kwandon albasa. Hoto ɗaya a shafi ɗaya, sunan a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ki liƙa, ki bi da salatif ki rufe ko'ina saboda yawu, ki huda gefe ki ɗinke da zare mai ƙarfi. Kada ki sa ƙarfen maƙala takarda ko wani ƙaramin abu da zai ɓalle ya haɗiye. Ba littafin da jariri ke so kamar mai fuskokin da ya sani. Tsohuwar kalanda ma tana yi. In ya girma kaɗan, shafukan African Storybook da StoryWeaver a intanet suna da labaran yara da Hausa kyauta, sai ki zaɓa a buga miki a takarda maimakon ki miƙa masa wayar. In akwai mai damuwa da hoton abu mai rai a gidanku, wannan a tambayi malamai, kafin nan kuma hoton ƙwarya da mota da mangwaro ya isa a fara.

Yadda zaman yake zai riƙa canzawa da kansa. Wajen shekara guda zai fara nuni da yatsa, sai ki koma tambaya: "Ina akuya?" Wajen shekara 2, "Mene ne wannan?", kuma duk abin da ya faɗa ki ƙara masa kaɗan a kai. Ya ce "mota", ki ce "I, jar mota ce, ta ɗauko albasa." Kada ki ce bai faɗa daidai ba, ki dai maimaita daidai ɗin. Daga shekara 3 sai "me ya sa" da "me kake gani zai faru", da haɗa littafi da rayuwarsa: "Ka tuna kwalekwalen da muka gani a Kwalkwalawa?" Zai kuma nace wa littafi ɗaya, ya sa ki maimaita shi har ki haddace ki gaji. Ki daure, a maimaicin yake kama kalmomin da suka wuce shi jiya.

Abu ɗaya da zan roƙe ki ki sa wa ido, tunda kullum kuna zaune tare kin fi kowa damar lura. In ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ba ya waiwayo in an yi magana ta bayansa, ko ya kusa shekara babu gwaranci, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya kuma ba ya nuni da yatsa, kada ki tsaya ga "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba". Ki kai shi a duba kunnensa. A yankinmu sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai zubar da ruwa suna taɓa jin yara, kuma gano shi da wuri yana canza komai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro.

Gobe in la'asar ta yi sanyi, ki goya shi ki ɗauki littafin ku je wurin Inna. Kada ki ce kin zo nuna mata komai. Ki ajiye mata shi a cinya, ki buɗe shafin da akwai kura ko zomo, ki ce, "Inna, ni na manta yadda gatanar nan take, wai mi kura tac ce wa akuya?" Sai ki tashi ki ɗebo mata ruwa, ki ɗan daɗe a wajen randa.